Daga Gangar Manja Zuwa Ƙwayar Yis: Tarihin Binciken Mai da Masu Ɗaukar Nauyinsa, Ta Fuskar Zangon Kwatano

Unguwar Zongo ta birnin Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, tana kusa da tashar jirgin ƙasa, a maƙwabtaka da Saint-Michel, inda babban titi ya miƙa har kasuwar Dantokpa a bakin tafki. Sunan ba ya buƙatar fassara ga Bahaushe, domin zango shi ne masaukin ayari. Kamar sauran zangunan da ke Kumasi da Lome da Parakou, nan ma fatake da mahauta da malamai daga arewa ne suka yada zango, har wurin ya zama gari a cikin gari. Duk wanda ya ratsa shagunan wannan yanki zai tarar da mai iri-iri: manja, man gyaɗa, alayyadi, man kaɗe. Amma abin da ya fi cika ido shi ne jarkoki na tataccen mai wanda akasarinsa daga Maleshiya da Indonesiya ya sauka a tashar jiragen ruwa, kuma wani kaso mai yawa nasa kan ƙarasa kasuwannin Nijeriya da Nijar, ta kan hanya ko ta bayan fage.

Abin mamakin shi ne, itaciyar da aka tatso wannan mai daga jikinta 'yar asalin wannan gaɓar teku ce. Sunan da masanin tsirrai Jacquin ya raɗa mata a 1763, wato Elaeis guineensis, yana ɗauke da sunan Gini. Ƙasar da ta taɓa rayuwa a kan manja ta koma mai saye, alhali ƙasashe biyu na Asiya suna samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya. Dalilan suna da yawa, kuma an sha bayyana na siyasa da na kasuwa. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne na ilimi: su wa suka binciki yadda tsiro yake ƙera mai, a ina suka yi aikin, kuma wa ya ciyar da su a shekarun da suke yin sa.

Manja ya gaji bayi

A farkon ƙarni na 19, babban abin da masarautar Dahomey take fitarwa ta Ouidah mutane ne. Cikinsu akwai Hausawa masu yawa da yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka jefa hannun dillalai, aka tsallaka da su Bahia ta Brazil, inda suka shirya tawaye a 1807, kuma sauransu suka shaida boren Musulmi na 1835. Kwakwar manja ma ta tsallaka tekun a zamanin wannan fatauci, kuma har yau manja ne ginshiƙin girkin Bahia. Da Ingila ta matsa a kan hana cinikin bayi, Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya ƙarfafa noman kwakwa da cinikin manja. Bai bar cinikin bayi ba, ya haɗa biyun ne, kuma bayin da ba a fitar ba su suka yi wahalar gonakin. A 1841 kamfanin gidan Régis na birnin Marseille ya buɗe kanti a tsohuwar ganuwar Faransawa da ke Ouidah, yana sayen manja ganga-ganga saboda masana'antun sabulu da kyandir.

Shekara guda kafin haka, a 1840, wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai a Faransa mai suna Edmond Frémy ya ware wani asid daga manja, wanda aka sa wa suna famitik, daga kalmar da Turawa suke kiran kwakwa da ita. Ya ɗora ne a kan aikin Michel-Eugène Chevreul, wanda a littafinsa na 1823 ya nuna cewa kitse da mai haɗi ne na giliserin da wasu asid-asid. A yau an san cewa kowane ɗigon mai ya ƙunshi ƙwayoyin giliserin, kowacce tana riƙe da sarƙoƙin asid guda uku. Bambancin waɗannan sarƙoƙi shi ke sa man shanu ya daskare, man gyaɗa ya tsaya ruwa. A manja, famitik ya kai kimanin kashi 44 cikin ɗari, oleyik kuma kusan 40, shi ya sa yake kwana rabi daskararre rabi ruwa idan hunturu ya kama. Alayyadi, duk da cewa daga ƙwallon 'ya'yan itaciya guda yake fitowa, kusan rabinsa wani asid ne dabam mai gajeriyar sarƙa, lorik, wanda ke sa sabulu kumfa. Tun daga wannan lokaci aka shata rabon aiki: Afirka ta kawo mai, Turai ta faɗi abin da ke cikinsa.

'Yan kasuwar Liverpool da Marseille sun lura da wani abu tun ba su san dalilinsa ba. Manjan da ke zuwa musu iri biyu ne, mai laushi da mai tauri. Mai laushin, wanda na Legas ya yi suna da shi, ana dafa 'ya'yan ne da wuri a tatse, kuma ya fi tsada. Mai taurin yana fitowa daga wuraren da ake barin 'ya'yan su kwana su ruɓe kafin a matse, sai man ya yi tsami. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan bambanci, domin sai bayan fiye da shekara ɗari aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, kuma da hannun mutanen Benin a gano ta.

Kwatano kanta manja ne ya raya ta. Faransa ta kafa hujja da yarjejeniyoyin 1868 da 1878 ta ce an sallama mata wurin, Dahomey ta ƙi yarda, rikicin ya kai ga yaƙi da Behanzin a 1890, sannan mamayar 1892 wadda rundunar Kanar Dodds ta yi, kuma a cikinta akwai bataliyar da Faransawa suke kira ta Hausawa. A farkon shekarun 1890 aka gina doguwar gadar ƙarfe da ta shiga teku don lodin ganguna, aka fara shimfiɗa layin dogo a 1900, ya isa Parakou a 1936. Wannan layi ne ya ɗaure Zongo da arewa. A farkon shekarun 1950 hukumomin Faransa suka tsara abin da suka kira Opération Hirondelle, don gyaɗar Nijar, har da ta yankin Maraɗi, ta riƙa bin Parakou zuwa Kwatano maimakon Kano zuwa Legas. Ta haka man arewa da man kudu suka haɗu a tasha guda.

Pobè da sirrin ƙwallo

A 1922 aka kafa tashar gwajin kwakwar manja a Pobè, a kudu maso gabashin ƙasar, kusa da iyakar Nijeriya. A shekarar ce kuma aka fara aikin binciken noma a Samaru ta Zariya, wanda daga baya ya zama gidan irin gyaɗa da auduga. Turawan Ingila sun buɗe tasu tashar kwakwa kusa da Birnin Benin na Nijeriya a 1939, wadda ta zama WAIFOR a 1951, sannan NIFOR a 1964. Kada a rikita Benin ɗin biyu: ɗaya birni ne a Jihar Edo, ɗaya kuma ƙasa ce da ta ɗauki sunan a 1975.

Matsalar da ta fi damun waɗannan tashoshi ita ce kaurin ɓawon ƙwallo. Kwakwa iri uku ce. Akwai dura mai kaurin ɓawo da ɗan nama, akwai pisifera marar ɓawo wadda yawanci ba ta riƙe 'ya'ya, akwai tenera mai siririn ɓawo da nama mai yawa, wadda man da take bayarwa ya zarce na dura da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Masu shuka sun so tenera, amma duk lokacin da suka shuka 'ya'yanta sai gona ta fito a gauraye, har wasu suka ɗauka irin lalacewa yake yi. A 1941, a tashar Yangambi ta Kwango, wasu 'yan Beljiyam biyu, Beirnaert da Vanderweyen, suka warware matsalar: tenera ruwa biyu ce, 'yar dura da pisifera. Idan aka shuka 'ya'yanta, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma dura, biyu su tsaya tenera, ɗaya ya zama pisifera. Ma'anar wannan ga manomi mai nauyi ce. Wanda ya tsinci tsiro a gindin itaciya mai albarka ya dasa, zai jira shekara uku ko huɗu kafin ya gane cewa rabin gonarsa ba abin da ya nufa ba ne, kuma rubu'inta kusan juya ne. Ingantaccen iri sai an haɗa auren da hannu, furen dura da garin furen pisifera, a ƙarƙashin kulawar tasha. Wannan shi ne aikin da Pobè take yi har yanzu.

Faransa ta kafa cibiyar binciken mai, IRHO, a 1942, kuma bayan yaƙi ta karɓi ragamar Pobè da La Mé ta Kodebuwa. Daga 1946 ta jagoranci musayar iri tsakanin tashoshin Afirka da wani kamfani a Malaya, inda aka ga cewa auren kwakwar Deli ta Asiya da ta Afirka yana ba da yabanya fiye da auren dangi. Ita kuwa Deli asalinta itatuwa huɗu ne kacal da aka dasa a lambun tsirrai na Bogor, a tsibirin Java, a 1848. Anan ya dace a gyara wani zance da ya yaɗu a Nijeriya, cewa wai sai a shekarun 1960 'yan Maleshiya suka zo suka ɗebi iri. Gonakin kasuwanci sun fara a Sumatra tun 1911, a Malaya kuma 1917. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce, a 1973 masana daga Maleshiya sun zagaya dazuzzukan kudancin Nijeriya tare da NIFOR suna tattara iri, kuma a 1981 aka kai musu wani ɗan ƙwaro daga Kamaru wanda yake haɗa auren furanni, ya hutar da su yin aikin da hannu. Ba sata suka yi ba. Sun zo da masana, sun koma da kaya, kuma a gida akwai ɗakunan bincike da albashi da ke jiran kayan.

Tashoshin mulkin mallaka sun ƙware a zaɓen iri da gwajin taki, amma ba a gina su don renon masana 'yan ƙasa ba. Shugabannin bincike daga Turai suke zuwa, 'yan ƙasa kuma su auna nauyin dami, su hau itace, su cika rijista. Dahomey ba ta sami jami'arta ba sai 1970, shekara goma bayan samun 'yancin kai, wadda a yau ake kira Jami'ar Abomey-Calavi.

Inda yis ya shigo

Tambayar yadda tantanin halitta yake ƙera mai ba a gonar kwakwa aka fara amsa ta ba. An amsa ta ne a jikin yis, wannan da ake zubawa a ƙullin fanke da burodi. Dalilin a fili yake. Kwakwa tana cin shekaru kafin ta haihu, kuma zagaye guda na zaɓen irinta yakan haura shekara goma, yis kuwa yana ninka kansa cikin kusan minti 90 a kwalba. Duk da ƙanƙantarsa, tsarin tantaninsa irin na tsiro da dabba ne. Kalmar inzayim ma, wadda aka ƙirƙira a Jamus a shekarun 1870, ma'anarta a Girkanci ita ce "a cikin yis". A 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matso daga yis, ba tare da rayayyen tantani ba, yana iya sarrafa sukari, kuma daga nan aka buɗe ƙofar nazarin sinadaran rayuwa a kwalba.

A 1951 Feodor Lynen, a birnin Munich, ya ware asetil-CoA daga yis. Shi ne tubalin mai ƙwayar kabon biyu wanda ake jerawa, biyu bayan biyu, har sarƙa ta kai kabon 16 na famitik ko 18 na oleyik. Lynen ya ci gaba ya bayyana babbar inzayim ɗin da ke wannan jeri a cikin yis. Konrad Bloch, wanda ya bar Jamus saboda 'yan Nazi ya ƙare a Amurka, ya nuna da yis cewa mayar da sarƙa mai daskarewa zuwa mai narkewa yana buƙatar iskar oksijin. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1964. A tsakanin shekarun 1950 da farkon 1960 Eugene Kennedy ya tsara matakan da ake bi a ɗaura sarƙoƙin a jikin giliserin.

Ɓangaren tsirrai ya tsaya ne a kan kafaɗar Paul Stumpf na Jami'ar Kalifoniya a Davis, wanda ɗakin bincikensa ya zama makarantar da matasan daktoci daga ƙasashe da dama suka yi zama. Ɗaya daga cikinsu, John Ohlrogge, tare da Stumpf da wani abokin aiki, ya kawo hujja a 1979 cewa a ganye, cikin filastid ake ƙera sarƙoƙin asid, wato ɗakin da ake sarrafa hasken rana. A 1998 Focks da Benning suka sami wani tsiro na gwaji, Arabidopsis, wanda irinsa ya yamutse saboda ƙarancin mai, suka sa wa ƙwayar gadon da ta lalace suna WRINKLED1. Daga baya aka gane ita ce madugun da ke ba sauran ƙwayoyin gado umarnin fara tara mai.

Gudummawar yis mafi amfani ga mai nazarin tsiro ta zo ne daga Suwidin, daga tawagar Sten Stymne. A 2000 suka bayyana wata inzayim, PDAT, wadda ke kammala ƙera mai ta hanyar da ba a sani ba a da, kuma yis da tsirrai duk suna da ita. A 2002 suka cire ƙwayoyin gado huɗu daga yis, ya zama ba ya iya ajiye mai ko ɗigo, amma yana rayuwa. Wannan gurgun yis ya zama ma'auni. Duk wanda ya zargi wata ƙwayar gadon tsiro da cewa ita ke ƙera mai, sai ya dasa ta a cikinsa. Idan ɗigon mai ya bayyana, zargi ya tabbata cikin makwanni, ba shekaru ba.

Su wa suka yi aikin, wa ya biya

Idan aka duba sunayen da ke kan waɗannan binciken, za a ga cewa manyan farfesoshi ne suka yi suna, amma hannuwan da suka riƙe kwalabe na ɗaliban digirin digirgir ne da kuma waɗanda ba su daɗe da kammala shi ba. Wannan rukuni na biyu shi ne abin lura. Mutum ne da ya riga ya zama dakta, amma maimakon ya kama koyarwa nan take, sai ya tafi ɗakin binciken wani malami, galibi a wata ƙasa, ya yi shekara biyu ko uku ba shi da aiki sai bincike. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san karatun allo: gardi ne da ya sauke, ya ɗauki buzunsa ya nufi gabas don ya gyara tilawa a gaban wani gwani. Kuma kamar yadda baƙon fatake a zango yake buƙatar maigida da zai ba shi masauki, ya tsaya masa a wurin bashi, haka wannan dakta yake buƙatar wanda zai ɗauki nauyinsa.

A matsayin tsari mai dokoki, abin ya faro ne a Amurka a 1919, lokacin da Gidauniyar Rockefeller ta ba Majalisar Bincike ta Ƙasa dala 500,000 don tallafa wa sababbin daktoci a fizis da kimiyyar sinadarai. An ƙara fannin nazarin halittu a 1923. Ernest Lawrence da Robert Oppenheimer suna cikin waɗanda suka ci gajiyarsa. Hikimar da ke ciki ita ce, kuɗin mutum yake bi, ba kujera ba, don haka matashi yana da 'yancin zaɓen inda zai je da tambayar da zai bi. Jamus ta sake kafa Gidauniyar Alexander von Humboldt a 1953 don jawo masana daga waje. Lynen da kansa ya shugabance ta daga 1975 har rasuwarsa a 1979, kuma tallafin da take ba matasan daktocin Jamus don su fita waje sunansa yake ɗauke da shi. A ƙarshen shekarun 1990 ta ƙara da tallafin Georg Forster domin masana daga ƙasashe masu tasowa, na tsawon wata 6 zuwa 24 ga sabon dakta.

A jami'o'in Afirka ta Yamma babu wannan mataki a tsani. A ƙasashen da ke bin tsarin CAMES, wanda aka kafa a Yamai a 1968, sabon dakta yakan shiga jerin masu neman ɗauka aiki, idan ya samu kuma ya fara hawa matakan koyarwa. A Nijeriya ma haka ne: ana miƙa masa azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai da tarin takardun jarrabawa a daidai shekarun da basirarsa ta fi kaifi. Binciken mai kuwa ba ya yiwuwa da alli da allo. Yana buƙatar na'urar tantance asid-asid, da firjin da ke riƙe sanyi na digiri 80 ƙasa da sifiri, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗaukewar wuta na kwana biyu ya isa ya hallaka samfurin da aka yi shekara ana tarawa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Tsarin Legas na 1980 cewa za su ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa don kimiyya, suka sake jaddada shi a 2007, amma alkawarin ya fi yawa a takarda. A Benin, tsuke bakin aljihun da aka shiga a 1989 da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun sa kowane sinadari da ake sayowa daga waje ya ninka farashi.

'Ya'yan Pobè a ɗakunan Faransa

IRHO ta narke a cikin CIRAD a 1984, Pobè kuma ta koma ƙarƙashin hukumar binciken noma ta Benin, INRAB, wadda aka kafa a 1992. Dangantaka da Faransa ba ta yanke ba, kuma daga cikinta aka sami wasu daga cikin binciken da suka fi muhimmanci a kan manja.

A 2011 wata tawaga ta Montpellier, ƙarƙashin Timothy Tranbarger da Fabienne Morcillo, ta bi diddigin ƙwayoyin gadon da ke kunnuwa a naman 'ya'yan kwakwa tun yana ɗanye har ya nuna, lokacin da mai da jan launin karotin suke taruwa. A Pobè aka tsinko 'ya'yan, kuma Alphonse Omoré na INRAB yana cikin marubutan. A shekarar ce wata tawagar, wadda ta haɗa Vincent Arondel na Bordeaux da Ohlrogge na Michigan da Ngando-Ebongue na Kamaru, ta yi wani kwatance da zai burge Bahaushe: ta jera kwakwar manja da dabino. Dangi ne na kusa, amma naman ɗaya yana tara mai har kusan kashi 90 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, abin da ba a san wani naman tsiro da ya kai shi ba, ɗayan kuma sukari yake tarawa. Sakamakon ya saɓa wa zato. Inzayim ɗin da ke ɗaura sarƙoƙi a jikin giliserin kusan daidai suke a itatuwan biyu. Bambancin yana can farko, a filastid, inda ake ƙera sarƙoƙin, kuma saƙon WRINKLED1 ya ninka na dabino sau 57 a kwakwa. Wato abin da ya raba manja da dabino yawan tubali ne, ba gwanintar magini ba.

Sai 2013, shekarar da abubuwa biyu suka fito. Hukumar manja ta Maleshiya ta wallafa taswirar gadon kwakwa, tare da ƙwayar gadon da ta kira SHELL, wadda ita ce sirrin da mutanen Yangambi suka ga alamarsa a 1941. Da wannan ake iya gane dura da tenera da pisifera daga guntun ganye tun tsiro yana gandun reno. A cikin hujjojinsu akwai gwajin da suka yi a jikin yis. Na biyun ya fi kusa da mai sayar da manja a Dantokpa. Morcillo da Arondel da abokan aikinsu, ciki har da Hubert Domonhédo na Pobè, sun gano ƙwayar gadon inzayim lifas, wadda ke farkawa da zarar 'ya'yan sun ƙuje ko sun faɗo, ta shiga kwance sarƙoƙi daga giliserin. Sarƙoƙin da suka kwance su ne tsamin da ke rage darajar mai, kuma kasuwar duniya ba ta son ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Wannan shi ne bayanin manja mai tauri da mai laushi na zamanin Régis. Babban kamfani yana turara damin da zafi jim kaɗan bayan sara, ya kashe lifas ɗin. Matan ƙauye da ke tatsar mafi yawan jan man da ake ci a Benin da Nijeriya ba su da wannan hali, domin sai sun tara dami na kwanaki. Tawagar ta nuna cewa akwai itatuwan da lifas ɗinsu rarrauna ce ta gado, kuma ana iya zaɓo su. Irin wannan kwakwa ƙaramin manomi ta fi yi wa rana.

Bayan shekara biyu, a 2015, wasu masana a Faransa suka dasa ƙwayar gadon DGAT ta kwakwa a wani yis mai tara kitse, Yarrowia lipolytica, don su ga irin sarƙoƙin da take fifitawa, musamman gajerun nan na alayyadi.

Babu adalci a ce an ware 'yan Benin daga wannan aiki, domin sunayensu suna kan takardun, wasunsu kuma ta nan suka sami digiri. Sai dai rabon aikin 1840 bai canza sosai ba. Gonar gwaji da ilimin itatuwa suna Pobè, na'urori da kuɗin riƙe matasan daktoci suna Montpellier da Bordeaux da Michigan da Kuala Lumpur. Tallafin da ke kai matashi waje yana da amfani, amma idan ya dawo ya tarar ba na'ura ba sinadari, ƙwarewar takan tsufa a aljihu. Cibiyoyi irin su IFS ta Stockholm, wadda aka kafa a 1972, da TWAS da Abdus Salam ya assasa a Trieste a 1983, sun yi ƙoƙarin cike gurbin da ƙananan tallafi, TETFund ma ta riƙa tura malaman Nijeriya irin wannan zama. Gwajin da ya fi kusa da abin da ake buƙata shi ne FLAIR, haɗin gwiwar Royal Society ta Ingila da Kwalejin Kimiyya ta Afirka. Rukunin farko na masana 30 ya fito a 2019, kowanne da fam 300,000 na shekara biyu, bisa sharaɗin ya yi aikin a wata cibiya ta Afirka. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta rage kuɗin agajin waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, shirin ya tsaya, waɗanda aka riga aka zaɓa a sabon rukuni suka tashi a tutar babu. Maigidan da ke wata ƙasa yana iya rufe masauki ranar da majalisarsa ta ga dama.

A halin da ake ciki, yis ya tashi daga ma'aunin bincike yana neman zama kishiyar kwakwa. Tunanin tsoho ne, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka toshe wa Jamus hanyar shigo da mai, Paul Lindner ya gwada samar da kitse daga wani nau'in yis a Berlin, tsada ta kayar da shirin. Yanzu da Turai take ƙorafi a kan sare dazuzzuka, an dawo kansa. Masana a Jami'ar Bath ta Ingila sun yi shekaru suna renon wani yis, Metschnikowia pulcherrima, mai ba da mai kama da manja, kamfanin C16 Biosciences na New York kuma ya fara sayar da nasa ga masu haɗa kayan shafa. Farashinsa bai kusanci na manja ba tukuna, kuma kwakwa ta fi kowane tsiron mai yabanya a kadada guda. Benin tana da yis nata na gado, a bammi da kuma tchoukoutou, burkutun dawa na arewacin ƙasar, wanda masana a Abomey-Calavi suka yi nazarin ƙwayoyin da ke tayar da shi. Nazarin nasu ya karkata ne ga ingancin abinci da abin sha, wanda kayan aikinsa suka fi sauƙin samu. Tazarar da ke tsakanin harabar jami'ar da shagunan mai na Zongo ba ta kai kilomita 20 ba.